Baki Ƙofar Jiki: Illar Sakaci da Haƙori ga Lafiyar Ɗan'adam

Gabatarwa

A hutun da ya gabata, da na koma gida unguwarmu ta Ƙofar Guga cikin birnin Katsina, na iske wani maƙwabcinmu tela kwance a asibiti. Asalin ciwonsa kuwa turmi ne guda ɗaya da ya yi kogo. Ya yi wata da watanni yana cusa kanumfari a ramin, yana sayen ƙwayoyi a kemis, har ciwon ya lafa, ya ɗauka ya warke. Ana saura kwana goma salla sai ƙasan haɓarsa ya kumbura, baki ya ƙi buɗuwa, ko miyau ba ya iya haɗiyewa. Cikin dare aka kai shi asibiti, likitoci suka tsaga wurin suka fitar da mugunya. A nan ne kuma aka gano yana da ciwon sukari. Ya tashi, amma ɗinkin sallar bana ya wuce shi.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna wa mai karatu cewa ciwon haƙori ba ya tsayawa a baki, kuma sunayen da mu Hausawa muke ba cututtukan baki suna cikin abubuwan da ke hana mu neman magani da wuri.

Haƙori a Idon Bahaushe

Bahaushe bai jahilci haƙori ba. Ya san haƙoran gaba, da fiƙa, da turame, da dasashin da ke riƙe su. Yana yabon wushirya, yana tsokanar mai giɓi, yana kiran zubar haƙoran yaro famfara. Mata sun daɗe suna rina haƙora da fure da goro, alhazai kuma kan dawo da haƙorin Makka. Sai dai in an lura, galibin wannan sani ya karkata ne wajen ado. Ta fuskar lafiya kuwa, akwai maganganu uku da suka zauna a bakinmu. In haƙori ya yi kogo, mukan ce tsutsa ce ke cinsa. In jariri yana gudawa da zazzaɓi, mukan ce haƙori ne yake yi. In kumatun yaro ya ruɓe, wasu su ce ciwon daji ne, wasu su ce iska ce. Kowace daga cikin waɗannan tana nuna wa majinyaci wata hanya wadda ba ta asibiti ba.

Yadda Ɓarnar Ke Farawa

Yaro yana da haƙora 20, babban mutum kuma 32. A kowace rana wata dauɗa mai yauƙi takan lulluɓe su, wadda cike take da ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Ƙwayoyin nan suna cin sukarin da ya saura a baki, su fitar da wani ruwa mai tsami, shi ne ke zaizaye ƙarfin haƙori sannu a hankali har ya huda shi. Wani likitan haƙori mutumin Amurka mai suna W. D. Miller, wanda ya yi aiki a birnin Balin na Jamus, shi ya bayyana wannan a shekarar 1890. Ashe ke nan babu wata tsutsa. Mai ba da magani a kasuwa da ke turara baki ya nuna wa mutum 'yan tsutsotsi a cikin ruwa, dabara ce kawai ta neman kuɗi.

In kogo ya zurfafa ya kai ga jijiyar da ke tsakiyar haƙori, a nan ake jin azabar da ke hana barci. In jijiyar ta mutu sai ciwon ya ɗauke. Wannan shi ne abin da ya yaudari maƙwabcinmu, domin lafawar ciwon ba waraka ba ce, ƙwayoyin cutar sun gama da jijiya ne sun gangara cikin ƙashin muƙamuƙi.

Hanya ta biyu ita ce ta dasashi. Dauɗar da ba a goge ba takan daskare a gindin haƙora ta yi tauri kamar tsakuwa, dasashi ya kumbura, ya riƙa zubar da jini in an yi asuwaki. In an ƙyale shi, ƙashin da ke riƙe haƙora ya fara narkewa, haƙora su yi girgiɗi su zube. Yawancin dattawan da muke cewa tsufa ne ya zubar musu da haƙora, wannan ciwo ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa kimanin mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, wato kusan rabin mutanen duniya.

Daga Baki Zuwa Sauran Jiki

Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dasashi mai jini da haƙori mai kogo tsaga ce a bangon jiki, ga kuma kaɗan daga cikin abin da ke biyo baya.

Na farko, kumburin wuya. Mugunyar da ta taru a gindin turmin ƙasa tana iya malala ƙarƙashin harshe, ta tura shi sama da baya har ya toshe hanyar numfashi. Wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ya siffanta wannan ciwo a shekarar 1836, kuma yana iya kisa cikin 'yan kwanaki. Mugunyar haƙoran sama kuwa tana iya haurawa wajen ido, har ta kai ƙwaƙwalwa.

Na biyu, zuciya. Ƙwayoyin cutar baki suna shiga jini ta dasashin da ya tsage. A cikin zuciya akwai wasu 'yan ƙyamare masu buɗewa da rufewa don tafiyar jini. Wanda nasa suka riga suka sami lahani, ko aka haife shi da nakasar zuciya, ƙwayoyin kan sauka a kansu su yi gida, su haddasa zazzaɓi mai naci da lalacewar zuciya.

Na uku, ciwon sukari. Shi da ciwon dasashi cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi. Yawan sukari a jini yana raunana garkuwar jiki, dasashi ya yi saurin ruɓewa. Kumburin dasashi kuma yana sa sukarin ya yi wuyar saituwa. Likitoci sun gano cewa yi wa mai sukari maganin dasashi yana taimakawa wajen saukar da sukarinsa.

Na huɗu, huhu da ciki. Tsoho ko majinyacin da ya daɗe a kwance yakan shaƙi miyau mai ɗauke da ƙwayoyin cuta zuwa huhu, ya kamu da ciwon huhu. Haka kuma wanda turamensa suka zube ba ya iya tauna nama ko gyaɗa ko ɗanyen ganye, sai ya koma ga koko da fura, jiki ya yi ta ramewa. Yaron da ciwon haƙori ya hana barci da cin abinci kuwa, girmansa da karatunsa duka sukan sami tawaya.

Cutar Noma

Mafi muni a ƙasarmu ita ce cutar da likitoci ke kira noma. Kalmar ta Girkanci ce mai ma'anar cinyewa, ba ta da dangantaka da noman gona, ko da yake kamannin sunan kan rikita Bahaushen da ya fara jin sa. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa, ko waɗanda ba su daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba. Takan fara ne da ɗan gyambo a dasashi da warin baki. Cikin kwanaki kaɗan kumatu ya kumbura, ya yi baƙi, ya ɓurme, ta ci leɓe da hanci har da ƙashi. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ce yara 140,000 ke kamuwa da ita a shekara, kuma tara daga cikin goma na waɗanda ba su sami magani ba mutuwa suke yi. Wanda ya tsira kuwa yakan rayu da tabon da ke wahalar da shi wajen ci da magana da shiga jama'a.

Abin takaici shi ne, a matakin farko wanke baki da abinci mai gina jiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta sun isa su tsayar da ita. Amma uwar da aka gaya wa cewa iska ce, wurin mai maganin iska za ta nufa, kafin ta dawo aikin gama ya gama. An kafa asibitin yara masu wannan cuta a Sakkwato a shekarar 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta fara tallafa masa a 2014. A can ake yi wa waɗanda suka tsira aikin gyaran fuska. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman haka.

Ina Mafita?

Maganin bai yi nisa da mu ba. Asuwaki sunna ce, kuma al'ada ce da muka gada, ko na Makka ne, ko na marke, ko na bedi. Sai dai tauna shi a gefen baki ana hira ba ya wadatarwa, wajibi ne a bi kowane haƙori ciki da waje, har turamen ƙurya. Ya kamata a haɗa da buroshi da makilin mai sinadarin fuloraid, safe da kuma dare kafin a kwanta. A rage alawa da lemon kwalba da shayin da aka cika wa sukari, musamman ga yara.

Iyaye su sani cewa haƙorin farko kan fito ne wajen wata shida, lokacin da jariri ke rarrafe yana kai komai baki. Gudawa da zazzaɓi mai zafi a wannan lokaci cuta ce mai bukatar asibiti, kada a jingina su ga haƙori. Haka nan wajen shekara shida wani turmi kan tsiro a bayan haƙoran yarinta, shi ba ya famfara, in ya lalace ya tafi ke nan. A guji zuba ruwan batir ko garin taba a kogon haƙori, a kuma guji masu cire haƙori a kasuwa da ƙarfen da ba a dafa ba. Jinin dasashi, da kumburin fuska, da gyambon bakin yaro mai wari, alamu ne na a tafi wurin likita ba tare da jinkiri ba.

Kammalawa

A da, kowace ƙofar Katsina tana da sarkin ƙofa mai lura da shige da fice, don magabata sun san tsaron gari daga ƙofa yake farawa. Haka baki yake ga jiki. Mu ɗaliban Hausa muna da namu aiki a nan, wato mu samar wa cututtukan baki sunaye da bayanai na Hausa waɗanda uwa a ƙauye za ta ji a rediyo ta gane, ta san cewa gyambon dasashin ɗanta na asibiti ne. Maƙwabcinmu ya koma kan kekensa, kuma yanzu duk wanda ya zo shagonsa dafe da kunci, sai ya nuna masa tabon da ke ƙasan haɓarsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.