Kafin Ka Ce "Na Karɓa"

Yau zan yi bayani a kan wani alkawari da ke jiran mu nan gaba, wato karɓar gurbin karatu a jami'a.

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce ke kula da shiga manyan makarantu a Najeriya. A 2017 ta fito da tsarin CAPS a intanet. Idan jami'a irin Bayero ta nan Kano ko Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ɗalibi gurbi, zai gani a shafinsa, sai ya zaɓa: ko ya karɓa ko ya ƙi. A ƙa'ida, da zarar ya karɓa, wata makaranta ba za ta sake ba shi gurbi a wannan shekarar ba.

Me ya sa aka tsaurara haka? Saboda fiye da mutum miliyan ɗaya ke rubuta jarrabawar kowace shekara, gurabe kuwa ba sa isa. Wanda ya riƙe gurbi biyu ya tare wa wani hanya.

A Amurka ma akwai irin wannan. Ɗalibi yakan nemi jami'a ɗaya da wuri a watan Nuwamba, ya samu amsa a Disamba. Shi da iyayensa da malaminsa sukan sa hannu cewa in an ɗauke shi, can zai je. Ba a kai wanda ya saɓa kotu, amma yana iya rasa gurbin, kuma ya zubar da mutuncin makarantarsu. Sai dai ana yi wa wanda tallafin kuɗi bai ishe shi ba uzuri.

Na ga muhimmancin wannan uzurin a gidanmu. Bara yayana ya ga sunansa ya fito a wata jami'a mai nisa. Don murna, nan take ya karɓa a kafe, bai ko kira Baba ba. Da aka lissafa kuɗin rajista da na mota da na ɗaki, sai aka ga albashin Baba na kamfanin fata a Challawa ba zai ɗauka ba. Yaya ya yi asarar shekara guda, kuma wa ya sani ko wani ne ya rasa gurbin saboda shi?

A ganina dokar tana kan daidai, domin alkawari kaya ne. Amma adalci shi ne kowace makaranta ta bayyana duk kuɗin da za a biya tun kafin ɗalibi ya amsa. Mu kuma, idan lokacinmu ya zo, mu tambayi kuɗin, mu shawarci iyaye da malamai, kuma kada mu bar mai kafe ya danna mana komai.

Allah Ya ba mu sa'a, amin.

Daga ɗalibar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida