Kallon Dare: Tsofaffin Finafinan da Suka Hana Mu Barci

Kafin wayar hannu ta zama talabijin ɗin kowa, kallo a Namtari da sauran garuruwan da ke kewaye da Yola sha'ani ne na taro. Gidan da ke da akwatin talabijin shi ke tara yaran unguwa. Inda wutar NEPA ba ta kai ba, a jona da batirin mota, a shimfiɗa tabarma, a jira NTA ta buɗe da yamma. Da bidiyo ya shigo, kaset ɗin haya daga Jimeta ya karɓe dare.

Wanda zai koma wa wancan kallo yau, ya fara da zane-zanen yara. Tom and Jerry, da William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro a 1940, kusan ba magana a cikinsa, shi ya sa yaro mai jin Fulatanci da mai jin Hausa ke fashewa da dariya lokaci guda. Voltron na 1984 kuwa, mai zakuna biyar na ƙarfe da ke haɗuwa su zama ƙato ɗaya, asalinsa zanen Japan ne da Amurkawa suka sake wa murya.

In yara sun kwanta, sai na ban tsoro. The Evil Dead na 1981 jininsa ya yi yawa, ba na zaman iyali ba ne. Ni dai Nagin nake zaɓa, fim ɗin Indiya na 1976, inda Reena Roy ta fito a macijiya mai rikiɗa mace, tana bin waɗanda suka kashe mata miji ɗaya bayan ɗaya. Tsoronsa ya fi ratsa mu domin mun taso da labarin macijin da ba a taɓawa da aljanin da ke shigar mutane, kuma ramuwarta tana da dalilin da mai kallo ke tausaya wa.

A fagen almarar kimiyya akwai Doctor Who na BBC, wanda aka fara a 1963, kuma Arewa na da hannu a tarihinsa. BBC ta goge faifan shirye-shiryenta da yawa a shekarun 1960 da 1970 don ta sake amfani da su. A 2013 aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin faifai, Philip Morris, ya gano kashi tara da suka ɓace ajiye a wani gidan talabijin a Jos, daga labaran The Enemy of the World da The Web of Fear. Aka gyara su, duniya ta sake kallo.

Wannan labari yana sosa mini rai, domin a irin waɗannan ɗakunan ajiya namu wasannin suka kwana. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, Karkuzu na Bodara da aka yi a Jos ɗin nan, wasannin Ƙasimu Yero a Kaduna: nema musu cikakken kwafi mai kyau aiki ne ja. Faifai ba ya jure zafi da ƙura da laima, ga na'urorin kunna shi suna ƙarewa. Ya kamata NTA Yola da gidan talabijin na ATV su duba abin da ya rage a rumbunansu, su nemi haɗin gwiwar Jami'ar Modibbo Adama a juye shi cikin kwamfuta, a kuma ware masa lokaci a shirin dare.