Zaɓen Lambobin Rukuni Wajen Gina Babbar Manhajar Kwamfuta

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan wani aiki da ke jiran duk wanda ya ɗaura niyyar harhaɗa babbar manhaja, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya. Aikin kuwa shi ne zaɓen lambobin da za a bai wa rukunonin tsari. Za a taƙaita bayanin a kan Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a ɗakunan bincike na Bell a Amurka cikin 1969, da kuma Linux, wadda ta bi sawunta tun daga 1991.

Da farko dai, ya kamata a san abin da ake nufi da rukuni. A cikin Unix kowane fayil yana da mai shi, yana kuma da rukunin da aka jingina shi gare shi. Bisa ga wannan ne ake ba da izinin karanta fayil, ko sauya shi, ko sa shi aiki. Wasu rukunonin na mutane ne, wasu kuma an ƙirƙire su ne domin ayyukan na'urar kanta, kamar kula da faifan ajiya. Waɗannan na biyun su ne rukunonin tsari. Kowane rukuni yana da suna da lamba, ana kuma rubuta su tare a fayil ɗin /etc/group.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Sunan, saboda mutum aka yi shi. Abin da ake rubutawa a jikin faifai tare da kowane fayil lamba ce kawai, da ita kuma kwamfuta ke yanke hukuncin izini. Alal misali, a tsarin Debian rukunin daemon ne ke da lamba 1, rukunin bin kuma 2, alhali a tsarin Red Hat bin ne 1, daemon kuma 2. Idan aka ciro faifai daga wancan aka haɗa shi da wannan, sai fayilolin rukunin farko su wayi gari a hannun na biyu, ba tare da an taɓa su ba. Haka abin yake idan kwamfutoci suna tarayya a kan fayiloli ta hanyar NFS, wadda kamfanin Sun ya fito da ita a 1984, domin a tsarinta na asali lambobi ne ke tafiya tsakanin na'urorin. Bugu da ƙari, idan aka soke wani rukuni aka bai wa sabo lambarsa, sabon zai gaji duk fayilolin da tsohon ya bari, har da na sirri.

Saboda haka ne magina suka tsara ƙa'idoji. Akwai lambobin da al'ada ta kafe su. A Linux, lamba 0 ta rukunin root ce, wato rukunin shugaban tsari. Lamba 5 ta rukunin tty ce, mai kula da kafofin da ake shigar da umarni, har ma akan rubuta ta kai tsaye cikin wasu fayilolin saiti, don haka sauya ta kan jawo matsala. Lamba 65534 an ware ta ga rukunin da bai mallaki kome ba. Ita kuwa 65535 ba a ba da ita, domin a zamanin da ake ajiye lambar cikin bit 16, ita ce alamar kuskure. An faɗaɗa lambar zuwa bit 32 a Linux 2.4 cikin 2001, amma har yanzu ana kauce mata.

Sauran lambobin an kasa su kashi-kashi. A ƙa'idar Debian, daga 0 zuwa 99 kafaffu ne, iri ɗaya a kowace na'ura. Daga 100 zuwa 999 na ayyukan tsari ne, ana ba da su yayin da aka ɗora sabuwar manhaja, saboda haka suna iya bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Daga 1000 zuwa 59999 kuma na mutane ne. Wannan iyaka ma ta taɓa sauyawa a wasu wurare. A da, Red Hat daga 500 take fara lambobin mutane, sai Fedora ta mayar da iyakar 1000 a 2011, Red Hat ta bi baya a 2014, don a ƙara wa ayyukan tsari fili.

A taƙaice, mai gini yana da 'yancin zaɓen lambobinsa, muddin manhajojin da zai ɗora suna neman rukuni da suna. Sai dai ya kyautu ya bar kafaffun lambobi a inda suke, ya bi jerin wani sanannen tsari idan na'urarsa za ta yi musayar fayiloli da shi, ya rubuta duk lambar da ya bayar, kada kuma ya sake ba da wadda aka soke. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sauya lamba a ranar gini gyaran layi ɗaya ne, amma bayan fayiloli sun taru, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ke cikin tsofaffin ma'ajiyai.