Ko Kun Sani? Man Da Ke Cikin Gwangwanin Sadin

Gwangwanin sadin yakan zo da nauyi biyu a rubuce: gram 125 gaba ɗaya, sai wajen gram 90 bayan an tsiyaye man. Ratar nan ba ta wasa ba ce, domin kowane gram na mai kalori 9 ne, cokalin cin abinci ɗaya kuwa kusan 120. Wanda ya dangwale man da burodi har ya suɗe gwangwanin (wa zai iya barinsa?) ya zarce lissafin kalorin kifin da aka tsiyaye nesa ba kusa ba. Sauran kayan gwangwani kuwa daban ne: ruwan koren wake na gwangwani gishiri ne matsalarsa, ba kalori ba. Na abarba kuwa sau da yawa sukari ne.