Shinkafar Roba: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

A watan Disamba na 2016, watan da gwamnatocin Kebbi da Legas suka ƙaddamar da Lake Rice, jami'an kwastan a Ikeja suka kama buhu 102 na wata shinkafa da suka ce ta roba ce. Hukumar NAFDAC ta gwada, ba ta samu roba ba. Amma maganar ta riga ta fita, kuma har yau takan sake ɓulla a WhatsApp, ta iso har Birnin Kebbi da Argungu, inda injinan Labana da WACOT ke casar shinkafa. Ɗalibin da ya riƙe darasin ƙwayoyin zarra zai iya warware ta da kansa.

Masu yaɗa ta suna cewa idan aka dunƙule dafaffiyar shinkafar aka jefa a ƙasa, sai ta yi tsalle. Hakan na faruwa, amma ba hujja ba ce. Yawancin ƙwayar shinkafa sitaci ne, wato ɗaruruwa ko dubban gulukos da aka jera kamar 'ya'yan carbi. Kowane gulukos yana ɗauke da zarrar kabon 6, haidirojin 12 da oksijin 6. Da ruwa ya tafasa, sai ya kutsa tsakanin sarƙoƙin ya maƙale wa oksijin ɗinsu, ƙwayar ta kumbura ta yi danƙo. Danƙon da ke riƙe malmalar tuwon shinkafa ke nan. Shi ne kuma yake bushewa a bakin tukunya ya zama siririn fallen da wasu ke rantsuwa leda ce.

Sheƙin shinkafar da aka turara ma daga nan yake. Matan da ke turara shanshera kafin a kai ta inji sun dafa sitacin ne tun yana cikin ɓawo, ya bushe ya yi ƙyalli.

Ana kuma cewa tana kama wuta ta yi baƙi. Gero da dawa ma haka suke yi, domin duk akwai kabon a cikinsu.

Gaskiya ne roba da sitaci duka dogayen sarƙoƙi ne. Bambancin shi ne, robar leda kabon da haidirojin ce kawai, babu oksijin da ruwa zai kama. Shi ya sa ba ta shan ruwa, ba ta nuna, sai dai ta yi ta yawo a samansa. Yawun bakin mutum ma shaida ne: akwai sinadarin amiles da ke tsinka haɗin sitaci, shi ya sa shinkafa ke ɗan zaƙi idan an daɗe ana tauna ta. Gwajin aidin da ɗaliban sakandare ke yi kafin jarrabawar WAEC ya isa: ɗigo ɗaya a kan dafaffiyar shinkafa zai koma shuɗi mai duhu, a kan leda kuwa launinsa ba zai canza ba.

Sai ɓangaren da ya fi cancantar damuwa, wanda ba a cika yaɗawa ba. NAFDAC ta ce shinkafar Ikeja ba ta ciyuwa, domin ƙwayoyin cuta sun wuce ƙima a cikinta. Hatsin da aka zuba a buhu bai gama bushewa ba kan yi fumfuna, wata fumfunar kuma tana fitar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, wadda dahuwa ba ta kashewa. Don haka mai saye ya buɗe buhu ya shinshina, ya duba laima da canjin launi.