Layin Dogon Jirgin Lambu: Ina Arahar Take?

Duk sanda farashin jan ƙarfe ya yi tsalle a kasuwar ƙarafa ta Landan, sai ƙorafi ya tashi tsakanin masu sha'awar 'yan jiragen ƙasa na tsakar gida a Jamus da Ingila da Amurka. Tan guda ya haura dala 10,000 a 2011, ya sake haurawa a 2021, ya kafa sabon tarihi a 2024. Kukansu ɗaya ne: kan jirgi sau ɗaya ake saye, amma layin dogo kullum a ƙara yake, shi ke cinye aljihu.

Kamfanin LGB na birnin Nurembag ne ya fito da wannan samfurin a 1968, jirgi mai girman kashi 1 cikin 22.5 na ainihi, a kan layi mai faɗin milimita 45. Da tagulla aka yi dogon, wato gaurayen jan ƙarfe da tutiya, kuma da gangan aka yi shi da kauri. Tsayin ƙarfen ya zarce milimita 8, wanda masu harkar ke kira lamba 332. Kamfanin har tallar giwa ya yi tana tsaye a kansa. To, mai sayen layin nan ƙarfe yake saya da awo, babu wani sihiri a tsadar.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda sabbin shiga ke gudun tsohon layi don kawai ya yi baƙi. Sai ka ji ana cewa ya lalace, wuta ba za ta bi shi ba. Tagulla ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Duhun nan fata ce a sama, a nan kuma take tsayawa, ba ta cin ciki. Wace mata ce za ta zubar da farantin tagullar Bida don ya dushe? Gogewa take yi da toka da lemon tsami. Haka layin yake, kuma ba duka za a goge ba, saman da ƙafar jirgi ke takawa kaɗai. In wuta ta ƙi wucewa, galibi laifin mahaɗa ne, inda ƙasa ta shige ko ƙarfen ya saki, 'yan maƙalai masu ƙusa kuwa suna gyara wannan. Abin dubawa na gaske shi ne sandunan roba na ƙarƙashi, ko rana ta busar da su har suna karyewa.

Kuma tsohon kayan yana nan birjik. LGB ya durƙushe a 2006, kamfanin Märklin ya saye shi a 2007, kamfanin Aristo-Craft na Amurka ya rufe a 2013, ga tsofaffin da suka gaji suna kwance nasu. Kamfanin PIKO na garin Sonneberg ma yana ƙera layi mai faɗi ɗaya da ke haɗuwa da na LGB.

Mai son sabo da araha, sai ya fara tambayar kansa daga ina jirginsa zai sha wuta. In batir ne ko tururi, layin sanholo ya wadatar, shi ne mafi sauƙin kuɗi. Sai dai yana lotsewa in aka taka, kuma fatar da ke rufe shi ba ta barin lantarki ya wuce sosai. Ƙaramin layi mai lamba 250 ma ya fi rangwame, tunda ƙarfensa bai kai na lamba 332 kauri ba.

Tarkon yana cikin kwalayen kyauta na ƙarshen shekara masu ɗauke da jirgi da layinsa. Wasu da layin gwangwani mai rami a ciki suke zuwa, damina ɗaya ta gama da shi, masu sayarwa kuwa ba su cika faɗa ba sai an tambaya. Kwanar da ke cikin kwalin ita ce mafi matsi, da'irar da faɗinta bai wuce mita 1.2 ba. Ƙaramin kan jirgi zai zagaya ta lafiya. Ranar da mutum ya sayo dogon samfurin Amurka, sai ya tarar ba ya shan kwanar, dole a tone lambun a sake shimfiɗa.