Mazubi: Ƙarfen Da Ke Haifar Kayan Roba

Duk wanda ya kifa bokitin roba ya dubi gindinsa zai ga wani ɗan tabo a tsakiya kamar cibiya. In kujerar roba ce, zai tarar da siririn layi ya bi gefenta, da waɗansu 'yan da'irori a ƙarƙashi. Alamun nan duka sawun abu guda ne, watau mazubin ƙarfen da aka ɗura narkakkiyar roba a cikinsa har ta ɗauki siffa.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa ganin masu buga bulo da akwatinsu, ko masu zubin tukwanen dalma. Bambancin shi ne a masana'anta ba a tsiyaya robar, tura ta ake yi da ƙarfin inji. A shekarar 1872 ne wani Ba'amurke, John Wesley Hyatt, da ɗan'uwansa Isaiah suka yi rajistar injin farko na wannan aiki, wanda ke tura roba kamar yadda sirinji ke tura magani. A 1946 kuma James Watson Hendry ya fito da inji mai murɗaɗɗen ƙarfe a ciki, shigen na injin markaɗe, wanda ke cakuɗa robar yana tura ta gaba. Irinsa ne ya cika masana'antu a yau.

Shi mazubi ɓari biyu ne, mace da namiji. Macen ita ce mai rami, tana ba kaya siffarsa ta waje. Namijin yana shiga cikinta ya ba da siffar ciki. Ɗan filin da ya rage a tsakaninsu shi ne kaurin bokitin. Inji kan matse ɓarin biyu da ƙarfin da kan kai tan ɗaruruwa, sa'an nan ya tura roba mai zafin digiri 200 ko fiye, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Ƙofar da robar ta bi ta shiga ita ce cibiyar nan ta gindin bokiti. Inda ɓarin biyu suka haɗu shi ne siririn layin. 'Yan da'irorin kuwa gurbin sandunan ƙarfe ne da ke ingizo kayan waje idan mazubi ya buɗe.

To, a nan ne gwanintar maƙeri take. Roba takan tsuke in ta huce, irin wadda ake yin bokiti da kujera da ita takan ragu da kashi 1 zuwa 2 cikin 100, saboda haka tilas a ƙera ramin ya ɗara girman da ake so da daidai wannan gwargwado. Bangon ramin kuma sai an ɗan karkata shi, in ba haka ba kayan ya maƙale ya ƙi fita. Dalili ke nan da ya sa bakin bokiti ya fi gindinsa faɗi. Har ila yau akan bar 'yan kafofin da iska za ta fita, masu ƙanƙantar da roba ba za ta bi ba, domin iskar da ta rasa hanya takan ƙona kayan ko ta hana shi cika. A cikin jikin ƙarfen akan huda hanyoyin ruwan sanyi, kuma jiran robar ta daskare shi ke cinye fiye da rabin lokacin kowane zubi. Wanda ya iya tsara hanyoyin ruwan nan ya rage wa masana'anta daƙiƙoƙi a kowane zubi, a shekara kuwa daƙiƙoƙin nan dukiya ce mai yawa.

Ƙera mazubi guda kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Ana sassaƙa ƙarfen da injunan da kwamfuta ke sarrafawa, lungunan da bakin inji ba ya kaiwa kuma a cinye su da tartsatsin lantarki, dabarar da wasu masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Boris Lazarenko da matarsa Natalya, suka gano a 1943. Daga nan sai a goge ramin da hannu har ya yi sheƙi, don ko ƙarzanen da bai fi gashi kauri ba zai fito a jikin kowane kaya da aka zuba. Mazubin baƙin ƙarfe mai tauri yana iya yin zubi miliyan guda in ya sami kulawa, wani ma ramuka da dama gare shi, yana zubo murafun kwalba gommai a bugu ɗaya. Wannan ne asirin arahar kayan roba: tsadar mazubi ta rarrabu a kan kaya masu ɗimbin yawa.

Ƙasashen da suka gane haka sun mai da ƙirar mazubi sana'ar gari guda. Marinha Grande a Fotugal, wanda dā da aikin gilashi aka san shi, ya shahara da ita tun daga shekarun 1940. Haka Huangyan ta lardin Zhejiang a ƙasar Sin.

A Nijeriya akwai masana'antun roba a Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, da kuma Legas da sauran birane, kuma kamfanin sarrafa sinadaran man fetur na Eleme a Jihar Ribas yana samar da ƙwayoyin robar da ake narkawa. Amma galibin manyan mazubai daga waje ake sayo su da kuɗin ƙetare. Ran da mazubi ya tsage babu mai gyara a kusa, inji ya tsaya, ma'aikata su zauna jiran jirgi. Kuma wanda bai iya ƙera mazubi ba, ba shi da ikon sake fasalin kayansa, sai abin da wani ya zana masa.

Saboda haka ya kamata hukumomin ilmi su dubi kwalejojin fasaha da makarantun koyon sana'a, su wadata su da injunan sassaƙar ƙarfe da malaman da suka san aikin. Ɗaliban injiniya kuma kada su raina aikin ma'auni da zarto da goge ƙarfe, domin a hannun masu wannan aiki ne siffar kayan da farashinsu suke fitowa.